Tubalin Murhun Gas: Darasi ga Maƙeran Kudancin Kaduna

Sana'ar ƙira ta daɗe a wannan yanki. A ƙauyen Nok da ke ƙasar Jaba, masu haƙar kuza suka fara tono tsofaffin sassaƙe-sassaƙen yumɓu a shekarar 1928, daga baya kuma aka gano murahun narka tama a Taruga waɗanda suka haura shekara 2,000. Har yau manomin citta a Kwoi ko Kachia bai rabu da maƙeri ba, domin daga hannunsa garma da fartanya da lauje suke fitowa.

Sai dai gawayi, wanda shi ne abincin maƙera, yana ƙara tsada yayin da itatuwa suke raguwa. Saboda haka wasu matasa a Kafanchan da kewaye suka fara tunanin murhun gas, wanda ba ya bukatar zuga-zugi, ba ya kuma tara toka. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni, kuɗin makamashi da na kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo. Ke nan duk zafin da ya tsere daga murhu, kuɗi ne ya tsere daga aljihu. Abin da ke tsare wannan zafi kuwa shi ne tubalin da aka gina murhun da shi.

Tubalin wuta iri biyu ne, kuma da yawa suna rikita su. Na farko mai nauyi ne, mai ƙarfi, wanda ƙwaya ɗaya takan haura kilo 3. Yana jure wuta, amma yana shan zafi sosai kafin ɗakin murhu ya ɗumama, sannan ya fitar da shi waje. Na biyu marar nauyi ne, kimanin kilo 1, mai taushi har ana iya yanka shi da zarto. Cikinsa cike yake da ƙananan ramukan iska, su ne suke hana zafi wucewa. Akan sayar da shi da lamba: mai lamba 23 yana jure kimanin digiri 1,260 a ma'aunin Selsiyos, mai lamba 26 kuwa kimanin digiri 1,430. Ƙira ta yau da kullum tana gudana tsakanin digiri 900 da 1,200, saboda haka lamba 23 ta wadatar, sai ga mai haɗa ƙarfe da ƙarfe a wuta.

A nan darasin tattalin arziki yake. Kuɗin tubali sau ɗaya ake biya, kuɗin gas kuwa kullum. Maƙerin da ya gina murhu da tubali mai nauyi don ya fi araha, zai riƙa biyan bambancin duk lokacin da ya kai tukunyarsa mai kilo 12.5 wurin cikawa. Araha ba ta ado. Bulon siminti kuwa haɗari ne, domin yana tsagewa, wani lokaci ma ya fashe, tun kafin ƙarfe ya yi ja.

Akwai hanyoyi uku na rage kuɗin.

Ta farko, a ƙanƙanta murhu. Ɗakin da zai ɗauki bakin garma ko gatari ya isa. A yi bango da rufi da tubali marar nauyi, a shimfiɗa mai nauyi guda ɗaya a ƙasa, inda ƙarfe yake gogawa.

Ta biyu, a yi saye tare. Tubali marar nauyi yana da saurin karyewa, kuma kuɗin mota daga Kaduna ko Jos ko Legas yana iya cinye ribar mai sayen ƙwaya goma. Idan ƙungiyar maƙera ta haɗa kuɗi ta sayi kwali-kwali, kuɗin dako da asarar hanya sun rabu a kan kowa.

Ta uku, a yi shi a gida. Nijeriya tana da farar ƙasa mai jure wuta a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, da Alkaleri ta Jihar Bauchi, da kuma Jihar Filato. Ana cuɗa ta da ɗan yumɓu mai danƙo da garin katako ko ɓuntun shinkafa, a zuba a ma'auni, a shanya a inuwa har ta bushe sarai, sannan a gasa. Garin katakon yakan ƙone ya bar ramukan iska. Matsalar ita ce gashin: wutar da masu ginin tukwane suke yi a fili ba ta cika kaiwa digiri 1,000 ba, alhali tubalin yana bukatar fiye da haka.

Wannan giɓi shi ne ya kamata hukumomi su duba. Majalisar Bincike da Bunƙasa Albarkatun Sarrafawa, wadda aka kafa da dokar soja ta 1987, an ɗora mata rage dogaro ga kayan waje. Tanda guda ɗaya ta zamani a hannun ƙungiyar masu sana'a a Kafanchan za ta iya wadatar da maƙera da masu gashin burodi na Kagoro da Zonkwa da Kwoi. Kafin a kai ga haka, shawararmu ga maƙeri ita ce, kafin ya tambayi kuɗin tubali, ya tambayi lambarsa, ya kuma ɗaga shi ya ji nauyinsa.