Sanƙarau da Yaran Ƙasar Hausa: Nazari a Kan Binciken Likitocin Zariya

Gabatarwa

Duk matafiyin da ya bar Samaru ya kama hanyar Funtuwa, ba zai yi nisa ba sai ya iske Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Asibitin ya tare a wannan mazauni nasa na dindindin ne a shekarar 1990 da goma sha biyar, watau 2005. Kafin nan aikinsa a rarrabe yake tsakanin Tudun Wadan Zariya da Kaduna da Malumfashi, kuma a waɗancan tsofaffin gine-gine ne aka gudanar da wani bincike wanda ya sauya yadda ake jiyyar yara masu ciwon sanƙarau a Afirka ta Yamma. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan bincike, ta nuna abin da aka gano da yadda aka gano shi, sannan ta taɓo wani ɓangare nasa da ya shafi ɗaliban harshe kai tsaye.

Sunan Ciwon da Yanayinsa

Bahaushe ya raɗa wa wannan ciwo suna ne daga abin da idonsa ya gani. Kalmar sanƙarau ta samo asali daga aikatau sanƙare, an kuwa gina ta bisa tsarin da ya ba da mantau da makarau, watau sunan da ke nuna wanda wani hali ya zame masa jiki. Alamar da ta fi fitowa fili ita ce sanƙarewar wuya, ta yadda mara lafiya ba ya iya sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirjinsa. Tare da wannan akan sami zazzaɓi mai zafi da matsanancin ciwon kai da amai da ƙin haske, wani lokaci har da jijjiga da fita hayyaci.

Sai dai sunan yana da wani aibi da ya kamata a lura da shi. Jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa ko kaɗan. Abin da akan gani gare shi shi ne ƙin nono, da kuka marar dalili, da kasala, da kumburin maɗiga. Uwar da ke jiran ta ga wuya ya sanƙare kafin ta ambaci sanƙarau tana iya jira har lokaci ya ƙure, domin ciwon kan kashe cikin yini guda.

A wajen likitoci, sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Ƙwayoyin cuta iri-iri ne ke haddasa shi, amma wadda ke kawo annoba a ƙasar Hausa ita ce wadda ake kira meningokokas, wadda aka karkasa gida-gida aka ba kowane gida harafi: A, B, C, W, X, Y. A shekarar 1963 wani likitan sojan Faransa mai suna Léon Lapeyssonnie ya bayyana wani zirin ƙasa da ke kudu da Sahara inda annobar ke yawan dawowa bayan 'yan shekaru. Zirin, kamar yadda ake auna shi a yau, ya taso daga Senegal har Habasha, kuma Sakkwato da Katsina da Kano da Zariya da Maraɗi duk suna cikinsa.

Aikin Zariya, 1970 zuwa 1980

A shekarar 1970 wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, wanda ya taɓa aiki a Ibadan, ya zo Zariya lokacin da sashen koyar da aikin likita yake sabo, Farfesa Eldryd Parry kuma yana shugabancin fannin cututtukan ciki. Shekara goma Greenwood ya yi a nan kafin ya koma ƙasar Gambiya a 1980. Cikin abokan aikinsa akwai Hilton Whittle da Sadiq Wali, ɗan Kano, da Musa Hassan-King. Ba sanƙarau kaɗai suka sa gaba ba. Sun yi rubuce-rubuce a kan ƙyanda ga yara masu tamowa da kuma zazzaɓin cizon sauro. Amma sanƙarau ne ya riƙa cika musu ɗakunan jiyya kowace bazara, shi ya sa ya rinjayi aikinsu.

Matsala ta farko ita ce gane irin ƙwayar cutar da wuri. Hanyar da aka saba ita ce a ɗebi ruwan laka ta gadon baya, a shuka shi a ɗakin gwaji, a jira kwana ɗaya ko biyu ƙwayar ta tsiro. Idan kuwa yaron ya riga ya sha wani magani a gida, sau da yawa ba abin da zai tsiro. A 1971 Greenwood da Whittle suka buga sakamakon wata dabara wadda ke amfani da wutar lantarki wajen haɗa ruwan laka da ruwan jini mai ɗauke da garkuwa, inda ake gane ɓurɓushin ɓawon ƙwayar ko da ita kanta ta mutu. Cikin ɗan lokaci kaɗan likita kan san gidan da ƙwayar ta fito. Wannan ya yi amfani a 1975, lokacin da suka ba da rahoton ɓullar gidan C a yankin, alhali gidan A ne aka saba gani.

Annobar 1977 ita ce babbar jarrabawa. Cikin wata uku an kwantar da mutum 1,257 a asibitin Zariya, kuma kimanin 8 cikin kowane 100 suka rasu. Bayanan da aka tattara sun nuna cewa yara 'yan shekara 5 zuwa 14 ne ciwon ya fi kamawa, maza sun fi mata yawa, kuma 'ya'yan masu hali kaɗan ne suka kamu. Annobar ta taso a ƙarshen rani, lokacin zafi da ƙura, ta kuma lafa jim kaɗan bayan saukar ruwan sama.

Wannan magana ta ƙarshe ba baƙuwa ba ce ga kowace tsohuwa a Zazzau, domin kowa ya san sanƙarau ciwon bazara ne. Abin da ba a sani ba shi ne dalili. Zato na farko da zai zo wa mutum shi ne cewa ƙwayar cutar tana ɓacewa da damina ta dawo da rani. Binciken da aka yi a Malumfashi, inda aka riƙa lakato majinar maƙogwaron mutane masu lafiya lokaci bayan lokaci, ya rushe wannan zato. An tarar mutane da dama suna ɗauke da ƙwayar a maƙogwaronsu ba tare da sun yi ciwo ba, kuma tana ci gaba da yawo daga wannan zuwa wancan har cikin damina. Ashe abin da rani ke sauyawa shi ne yawan waɗanda ƙwayar ke samun kafar kutsawa cikin jininsu. A wata maƙala ta 1984 masu binciken sun danganta haka da bushewar iska, bisa hasashen cewa busasshiyar iska da ƙurar hunturu suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, wadda ita ce katangar farko. Wannan fahimta tana da nauyi, domin ta nuna cewa killace mara lafiya kaɗai ba zai tsai da annoba ba, tunda masu yaɗa ƙwayar galibinsu lafiyayyu ne da ke kasuwa da makaranta.

Allura Ɗaya

Ta fuskar magani, halin da ake ciki a farkon shekarun 1970 ba mai daɗi ba ne. Magungunan salfa, waɗanda aka daɗe ana dogara da su, sun daina tasiri domin ƙwayar ta saba da su. Fenisilin yana aiki, amma sai an yi ta maimaita allura dare da rana har kwanaki. A babban asibiti wannan mai yiwuwa ne. A ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, inda ma'aikaci ɗaya ke fuskantar marasa lafiya hamsin kwance a gindin bishiya, ba mai yiwuwa ba ne.

Likitocin Faransa sun riga sun fara jarraba wani nau'in kuloramfenikol da aka dama da mai, wanda idan aka yi allurarsa a tsoka yakan daɗe yana tsiyaya cikin jini. A 1979 Sadiq Wali da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi a Zariya, inda suka kwatanta allura ɗaya ta wannan magani da fenisilin na kwana biyar, suka tarar sakamakon ya yi daidai. Gwajin farko a kan manya aka yi shi, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa wajen asibiti. Wannan allura ɗaya ta zama abin dogaro lokacin annoba a faɗin yankin shekaru masu yawa, har zuwa lokacin da wani gwaji da aka yi a Jamhuriyar Nijar, aka buga a 2005, ya nuna cewa allura ɗaya ta seftiriyazon ba ta gaza ta ba. Darajar aikin Zariya a nan ita ce an auna maganin da ma'aunin wurin da za a yi amfani da shi, watau yawan ma'aikata da nisan tafiya da ƙarfin aljihu.

Riga-kafi

Allurar riga-kafi ta farko, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1960 daga ɓawon ƙwayar cutar, tana da rauni uku: ba ta kama jikin yara 'yan ƙasa da shekara biyu sosai, kariyarta ba ta wuce 'yan shekaru, kuma ba ta hana mutum ɗaukar ƙwayar a maƙogwaro. Likitocin Zariya sun nuna a 1978 cewa yi wa mutanen gidan mara lafiya wannan allura yana rage kamuwarsu. A wannan shekara kuma suka gano wani abu da bai tsaya ga sanƙarau ba: yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, jikinsa ba ya karɓar riga-kafin yadda ya kamata, har bayan makonni da warkewarsa. Ke nan ciwo ɗaya yana buɗe wa wani ƙofa, kuma wanda ke son kare yaro daga sanƙarau dole ya kula da sauro.

Gyaran waɗannan raunuka ya ɗauki shekara talatin. A watan Disamba na 2010 aka fara amfani da MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya kuma ta bi baya a 2011. Wani kamfani na ƙasar Indiya ne ya sarrafa ta a kan farashin da bai kai rabin dalar Amurka ba kowace allura, aka kuma yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Da yake tana kawar da ƙwayar daga maƙogwaro, har wanda ba a yi wa ba yana samun kariya. Gidan A, wanda ya addabi ƙasar Hausa kusan ƙarni guda, ya kusa ɓacewa. Amma daga 2013 gidan C ya taso a Sakkwato da Kebbi, a 2017 kuma ya yi mummunar ɓarna a Zamfara da maƙwabtanta, inda aka rasa fiye da mutum dubu. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kariya daga gida biyar, A da C da W da X da Y.

Kano, 1996

Ba za a yi wa tarihin adalci ba idan aka tsallake abin da ya faru a 1996. A wannan shekara annoba ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Ana cikin haka kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi seftiriyazon; 11 suka rasu, wasu kuma suka nakasa. Iyaye sun ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma ciwon ne ya yi kisan. Bayan doguwar shari'a aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Lokacin da aka ƙaurace wa riga-kafin shan-inna a Kano a 2003 da 2004, wannan al'amari yana cikin hujjojin da mutane suka riƙa kawowa.

A nan ne maganar ta iso ƙofar sashen Hausa. Ƙa'idar bincike ta ce ba a sa yaro cikin gwaji sai iyayensa sun fahimta sun kuma yarda. To, da waɗanne kalmomi za a fahimtar da su? A bakin mai jiyya, gwaji shi ne awon jini ko fitsari da ake yi don a gano abin da ke damun ɗansa. Idan likita ya ce za a yi gwaji yana nufin jarraba sabon magani, uba zai amsa da to, alhali kowannensu da abin da yake nufi. Haka nan raba yara gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wanda shi ne ginshiƙin irin wannan bincike, abu ne da sai an zauna an warware shi da misalai kafin ya shiga kunne, musamman ga mutumin da tarbiyyarsa ta hana shi yi wa likita musu. Takardar neman yarda da aka juyo daga Turanci kalma da kalma tana iya zama Hausa a ido, amma a kunnen mutumin Giwa ko Bomo ba ta ce komai ba.

Akwai kuma waɗanda suka tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin biyar na waɗanda suka warke daga sanƙarau yakan tashi da wata nakasa, kamar kurumta ko farfaɗiya ko raunin fahimta. Yaron da ya kurumce yana ɗan shekara biyu, kafin harshe ya zauna a bakinsa, yakan rasa magana tare da ji, sai a riƙa kiransa bebe ko da yake lafiyar harshensa ƙalau. Shirin da ƙasashen duniya suka amince da shi a 2020 na kawar da annobar kafin 2030 ya sa kula da irin waɗannan yara cikin manufofinsa, kuma matakin farko shi ne a auna jin kowane yaro kafin a sallame shi daga asibiti ko jim kaɗan bayan sallama.