Ƙirƙirarriyar Basira da Matsalar Karin Rubutacciyar Waƙar Hausa

Tun ba yau ba masana ilmin lissafi suke ƙoƙarin sa na'ura ta yi aikin marubuci. A shekarar 1952 Christopher Strachey ya shirya wa kwamfutar Jami'ar Manchester da ke Ingila wani tsari da take harhaɗa wasiƙun soyayya da shi, a 1959 kuma Theo Lutz ya yi makamancin haka a birnin Stuttgart na Jamus da kalmomin da ya tsinto daga littafin Franz Kafka. Waɗannan duka wasan jera kalmomi ne kawai. Al'amarin ya sake kama ne sosai a watan Nuwamba na 1922 da ɗari, watau 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, wanda ke iya tsara labari ko waƙa cikin ɗan lokaci kaɗan.

Abin da ya biyo baya ya isa ya ja hankalin manazarcin adabi. A 2023 marubutan finafinan Amurka sun yi yajin aiki na kwana 148, daga cikin abin da suka samu kuwa har da yarjejeniyar cewa ba za a lasafta na'ura a matsayin marubuciya ba. A watan Janairu na 2024 Rie Kudan, wadda ta ci gasar Akutagawa a Japan, ta bayyana cewa kimanin kashi 5 cikin 100 na littafinta daga bakin na'ura ya fito. Wanda ya fi shafar waƙa shi ne binciken Brian Porter da Edouard Machery na Jami'ar Pittsburgh, da aka buga a Nuwamba 2024. An ba mutum 1,634 waƙoƙin Turanci, wasu na mashahuran mawaƙa irin su Shakespeare, wasu na na'ura, aka ce su tantance. Abin da suka canka daidai bai wuce kashi 46.6 cikin 100 ba, watau da ƙuri'a suka jefa da sun fi dacewa.

To, tambayar da ta dace da wannan sashe ita ce, shin abin da ya yiwu a Turanci zai yiwu a rubutacciyar waƙar Hausa? Kafin a amsa, wajibi ne a san yadda na'urar take koyo. Ba a karanta mata nahawu ko aruli. Ana ɗura mata rubutu ne mai ɗimbin yawa, ta riƙa cankar guntun kalmar da zai biyo bayan wanda ya gabata, ana gyara ta, har ta naƙalci abin da ya saba bin wani. Saboda haka iliminta na ido ne. Abin da alƙalami bai sa a takarda ba, sai dai ta kai gare shi ta bayan gida.

A nan ne gizo yake saƙar. Manazarta, musamman M.K.M. Galadanci a maƙalarsa ta 1975, sun nuna cewa yawancin rubutattun waƙoƙin Hausa an gina su ne a kan karuruwan Larabci, irin su Mutaƙarab da Kamil da Ramal da Rajaz, waɗanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya fara tsara ilminsu a ƙarni na 8. Tubalin wannan gini shi ne nauyin gaɓa. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, wadda ita ce marar nauyi, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Biyun ƙarshe su ne masu nauyi. Gaɓa mai rufe da baƙi tana bayyana a rubutu, haka ma mai tagwan wasali. Amma daidaitacciyar ƙa'idar rubutun boko ba ta nuna tsawon wasali, ba ta kuma nuna karin sauti.

Alal misali, a ɗauki kalmar "gari". In ana nufin wurin zaman jama'a, gaɓar farko marar nauyi ce. In kuwa na tuwo ne, mai nauyi ce. Haka "suna" na yanka rago da "suna" na suna zuwa, haka "fasa" tulu da "fasa" tafiya, haka "baƙi" na launi da "baƙi" na saukar dare. Bahaushe ba ya ruɗewa, domin kunnensa yana cike abin da takarda ta bari. Na'ura kuwa haruffa huɗu iri ɗaya take gani. Tana iya gane ma'anar da ake nufi daga kalmomin da ke kewaye, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai gane ma'ana daban, sanin cewa wannan gaɓa za ta cika ƙafar waƙa waccan kuma za ta karya ta daban. (Abin lura ne cewa ajami, wanda wasu suke yi wa kallon tsohon yayi, ya fi boko adalci a nan, tun da yakan nuna dogon wasali da alif ko wawu ko ya.)

Amsa-amo bai kai kari wuya ba, domin shi a fili yake. Waƙar da baitocinta suke ƙarewa da "ba" ko "ya" ido ma yana ganin haka, kuma jera ɗango biyar-biyar ba wani aiki ba ne ga abin da ya iya ƙirga. Haɗarin da ke nan shi ne a sami abin da ya yi kama da waƙa a takarda, baiti ya tsaya, amsa-amo ya zauna, amma da an ɗauki murya za a rera sai harshe ya yi tuntuɓe. Rubutacciyar waƙar Hausa kuwa don rerawa ake yin ta. Imfiraji na Aliyu Namangi ta bakin almajirai da makafi masu bara ta shiga gidaje fiye da ta hanyar bugu, shi kansa mawallafin kuwa makaho ne, da kunne ya auna ta. Ga kuma abin da Ɗalhatu Muhammad ya tono a 1980, cewa wasu mawaƙa sukan daidaita har karin sautin ƙarshen ɗango, wanda babu alamarsa ko ɗaya a boko.

Wani zai ce ai wannan gajeriyar matsala ce, kuma yana da hujja. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 duk sun nuna tsawon wasali da karin sauti, ana kuma iya koyar da na'ura daga muryoyin da aka ɗauka. Bruce Hayes da Russell Schuh ma sun yi amfani da lissafi wajen fayyace Rajaz na Hausa a 2019. Sai dai yawan Hausar da ke intanet bai kama ƙafar na Turanci ba, kuma mai yawa daga ciki labaran siyasa ne da hirar yau da kullum, wasu ko ƙugiyar ɗ da ƙ babu, har "baki" da "baƙi" su zama ɗaya. Waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, da muryoyin da gidajen rediyo suka ɗauka, su ne kayan da irin wannan koyarwa take bukata. Aikin rubuta su da alamun tsawo da na sauti, gaɓa bayan gaɓa, ba injiniya ne zai yi shi ba, sai wanda ya zauna ajin aruli. Kafin a miƙa su kuma akwai magada da kamfanonin ɗab'i da suke da haƙƙi a kansu, waɗanda ya kamata a fara jin ta bakinsu.