Ragar da ke tashe mu daga barci

Masu karatu, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani ɗan wuri da ke cikin kai, daidai ƙeya, inda ƙwaƙwalwa take haɗuwa da lakar gadon baya. Muna iya kiransa kututturen ƙwaƙwalwa. Kaurinsa bai fi na babban yatsa da yawa ba. A tsakiyarsa akwai ƙwayoyin jijiya da suka sarƙe da juna kamar ragar masunta, shi ya sa masana suka raɗa musu suna da kalmar Latin mai nufin ƙaramar raga.

Wannan raga ita ce mai gadin farkawa. Saƙonnin da ke fitowa daga kunne da fata da sauran jiki suna ratsa ta, ita kuma ta zaburar da ƙwaƙwalwa ta sama. A shekarar 1949, Giuseppe Moruzzi ɗan Italiya da Horace Magoun ɗan Amurka suka taɓa ragar kyanwa mai gyangyaɗi da ƴar wutar lantarki, sai ƙwaƙwalwarta ta koma irin ta wadda take ido biyu. Da aka lalata wurin a wasu kyanwoyin kuwa, barci suka shiga mai wuyar tashi. A cikin ragar nan ne kuma ake daidaita numfashi da bugun zuciya da haɗiya da tari, muna barci ko muna noma.

To, ga inda zancen ya shafe mu. Mai barcin gajiya, in aka kira sunansa ko aka girgiza shi, zai buɗe ido. Amma wanda ya faɗo daga amalanke ko kabu-kabu, ko jaki ya harbe shi a ka, sa'an nan barci ya riƙa jan shi, ya yi ta amai, ba a cewa a bar shi ya huta. Mai yiwuwa jini ne ya taru cikin ƙoƙon kai yana danne kututturen. Haka yaron da zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau ya kama, aka kasa tashe shi. Mutanen ƙasarmu da suka ga annobar sanƙarau ta 1995 da ta 2015 sun san saurin wannan ciwo. Tramol ma, da wasu matasa suke sha domin aikin ƙarfi, in ya yi yawa yana rage numfashi daga nan.

Wanda ya suma, kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu. Haɗiyarsa ta yi rauni, abin zai iya bi ta maƙogwaro ya shiga huhu. A kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. In faɗuwa ya yi, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, kada wuya ya murɗe. A kai shi gidan likita nan take, ko da tsakar dare ne, a gaya wa ma'aikacin lafiya lokacin da abin ya faru da abin da ya sha.