Yadda Malami Zai Sa Yaro Ya Yarda da Kansa

A kowane ajin firamare akwai yaran da suka riga suka fid da rai da karatu. In Malam ya ce "Kun gane?" su ma da ƙarfi suke amsa "E, Malam!" tare da jama'a, amma da an nuna ɗaya daga cikinsu sai ya sunkuyar da kai. A makaranta an kira shi daƙiƙi, a gida an ce kansa ba ya ja, ya sha ji har ya yarda. Irin wannan yaro wa'azi ba ya tayar da shi. Ko kwana ka yi kana ce masa "za ka iya", ba zai gaskata ba sai ya ga ya iya ɗin da idonsa. Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam, ya bayyana a 1977 cewa babu abin da ke gina yarda da kai kamar nasarar da mutum ya samu da hannunsa. Ganin tsararsa ya yi, da ƙarfafawa ta baki, duk a baya suke. Saboda haka aikin malami shi ne ya shirya wa yaro nasara ta gaskiya, daidai ƙarfinsa.

Da farko a gano inda yaron yake, domin ajin da yake zaune ba ya nuna abin da ya sani. A kira yara ɗaya bayan ɗaya, a gefe, ba a gaban aji ba. A ba kowa takarda mai haruffa, da kalmomi, da gajerun jimloli, da ɗan labari, a ga inda zai tsaya. Daga nan a raba su rukuni-rukuni na sa'a guda a rana: masu koyon haruffa, masu haɗa kalmomi, masu karanta labari. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa wannan tsari, an kuma gwada shi a makarantun Borno da Kano. Amma tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamin allo ba ya kai yaro farfaru sai ya ƙware a babbaƙu, ba ya rubuta masa fiye da abin da zai iya ɗauka, kuma kowa da inda karatunsa ya tsaya. Yaro ya biya, Malam ya ce "je ka wanke", ya tafi da allonsa yana murna. Wankin nan shaida ce a hannunsa cewa ya wuce jiya. Abin da ajin boko ya rasa ke nan. A kula kawai da sunan rukuni, kada yara su mai da wani "rukunin jakai".

Sai a ba shi aikin da zai iya in ya ɗan yi ƙoƙari. A fara da harshen da yake magana da shi a gida. Yaron da ya san ba, bi, bu, a miƙa masa alli a ce ya haɗa biyu. Zai tsaya jim, ya rubuta ba, ya goge da yatsa, ya sake, ya ƙara bu, leɓensa na motsi, can sai ya ɗago ya ce "babu!" da mamaki, domin kalmar da yake faɗa kullum ce ta fito daga hannunsa. Kada a yi saurin wucewa a nan. A bar shi ya haɗa "baba", ya haɗa "Bala", gobe ya rubuta sunansa. In aikin ya cika sauƙi zai gane lallashinsa ake yi, in ya yi tsauri ya koma gidan jiya.

Yabo kuma yana da ƙa'ida. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada yara a Amurka: waɗanda aka yaba wa basirarsu sun riƙa gudun aiki mai wuya don kada su kunyata, waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu kuwa suka fi dagewa. Don haka maimakon "kai gwani ne", a faɗi abin da ya yi: "Na ga ka koma ka duba lissafin da kanka, ka gyara." Tafin da ake yi wa kowa a kan komai, yara ba sa daɗewa suke gane ba shi da daraja.

Kuskure shi ne wurin da aka fi kashe wa yara gwiwa. Tun ranar farko a kafa doka: ba a yi wa wanda ya yi kuskure dariya. In an yi tambaya a dakata. Binciken Mary Budd Rowe ya nuna malamai sukan jira kamar daƙiƙa ɗaya kafin su wuce, kuma in aka kai daƙiƙa uku amsoshi sukan yi tsawo, masu shiru ma su sa baki. Bulala a kan rashin sani kuwa, a ganina, abu ɗaya take koyarwa: yaro ya ɓoye abin da bai gane ba.

Malami ya binciki zuciyarsa ma. Robert Rosenthal da Lenore Jacobson sun wallafa a 1968 cewa da aka gaya wa malamai wasu yara za su haskaka, alhali ƙuri'a kawai aka yi, yaran sun fi ci gaba, musamman a ƙananan azuzuwa. Masana sun yi ta muhawara kan girman tasirin, amma zaton malami yana fita a fuska da murya. Hanya mai sauƙi ita ce ɗiga alama a rajista gaban sunan duk wanda ka tambaya. Ƙarshen mako za ka ga waɗanda ba ka taɓa kira ba, sau da yawa 'yan mata ne da masu zaman baya.

Saura malamin kansa, wanda ke fama da aji cike maƙil, da albashin da ba ya isa, da masu cewa rashin aiki ne ya kai shi koyarwa. Maganinsa ɗaya ne da na yaron. Ya adana takardun gwajin farko, ya sake gwadawa ƙarshen zango, ya ƙirga yaran da suka tashi daga haruffa zuwa kalmomi. Wannan aikinsa ne, babu mai ƙwace masa. Ya shiga aji da shirin darasi a hannu. In an tambaye shi abin da bai sani ba ya ce, "Gobe zan zo muku da amsa," ya kuma zo da ita. Ya nemi abokin aiki su riƙa kallon darasin juna. Mai son ƙarin karatu kuma, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tana horar da malamai suna kan aikinsu.

Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta tura malamanta mata da ake kira jaji su koyar da matan 'Yan Taru a ƙauyuka, sai da ta ɗora wa kowace malafa, don duk wanda ya gan ta ya san an ba ta amana. Hedimastoci da iyaye su yi koyi da wannan. Kada a ci mutuncin malami a gaban ɗalibansa, in ya yi aiki a faɗa a taron iyaye, hukuma kuma ta biya shi haƙƙinsa a kan kari.