Yadda Na'urar Lantarki Ke Yin Sauti Da Kanta

Duk hakimin da ya taɓa tara jama'a a ƙofar gidansa ya san kukan nan da lasifika ta ke yi in an kusanto da makirfo gare ta. Ba lalacewa ta yi ba. Abin da ya fito daga lasifika ne ya koma cikin makirfo, aka ƙara masa ƙarfi, ya fita, ya sake komowa, har ya zama ƙara mai kashe kunne. To, wannan abu da ke ɓata taro shi ma'aikatan lantarki suka sa wa linzami, suka yi na'urar da a ke kira osileta, watau mai sa lantarki ya yi ta kai da komowa bisa ƙa'ida. Babu rediyo ko wayar hannu da ba ta da irinta a ciki.

Mai koyo ya kan fara da wata 'yar na'urar ƙara ƙarfi mai suna ofam. Wadda ta fi shahara ita ce mai lamba 741, wadda kamfanin Fairchild na Amurka ya fitar a 1968. Ba ta fi ƙwayar gyaɗa girma ba, ƙafafunta takwas. Tana da ƙofar shiga biyu, ta fita ɗaya. Abin da ya shiga ta ƙafa ta 3 ya kan fito ta ƙafa ta 6 yadda ya ke, sai dai ya ƙaru. Wanda ya shiga ta ƙafa ta 2 kuwa a juye ya ke fitowa.

Sai a ɗebi abin da ya fito a mai da shi ƙafa ta 3, amma ta wata hanya mai rizista biyu da kafasita biyu, wadda asalinta daga wani Bajamushe ne, Max Wien, a 1891. Hanyan nan rariya ce. Sauti ɗaya tak ta ke bari ya wuce daidai, shi ma sulusinsa kaɗai. In kowace rizista om 10,000 ce, kowace kafasita nanofarad 10, sautin zai kaɗa wajen sau 1,600 a daƙiƙa. Ba a ba ta kome daga waje sai batir. Ɗan motsin lantarki da ba ya rabuwa da waya shi ne iri.

A nan ne fa masu koyo su ke shan wuya. Tun da sulusi ke komowa, lalle ne ofam ta riɓanya shi sau uku, kuma da wasu rizista biyu a wajen ƙafa ta 2 a ke daidaita wannan. In ya gaza uku ko da kaɗan, sautin ya mutu, yaro ya zaci na'urar ce ta ƙone, ya jefar. In ya wuce, sautin ya yi ta hawa har ya shaƙe.

William Hewlett, ɗalibi a Jami'ar Stanford, ya kawo maganin wannan a 1939, tun zamanin bawul. Ya sa ƙaramin ƙwan lantarki a madadin rizista ɗaya. In sauti ya hau, zaren ƙwan ya yi zafi ya tauye lantarki, ƙarfin ya ragu. In ya sauka, zaren ya huce, ƙarfin ya komo. Na'uran nan ita ce hajar farko ta kamfanin Hewlett-Packard, har kamfanin Disney ya sayi takwas domin aikin majigin Fantasia na 1940.