Darasi Ga Matan Sojoji: Wai Namiji Ba Ya Kuka

'Yar'uwa, in mijinki soja ne, kin san horon da ya sha tun daga Depot na Zariya: ya haɗiye tsoro, ya shanye fushi a gaban na sama da shi, ko abokinsa ya faɗi ya ci gaba da tafiya. Danne zuciya ma aiki ne mai gajiyarwa. Ga kuma tarbiyyarmu ta gida, wai namiji ba ya kuka.

To abin da aka danne, ina zai je? Gida yake biyo shi. Matan waɗanda suka je Laberiya ƙarƙashin ECOMOG a 1990 sun gani, haka ma matan waɗanda aka tura arewa maso gabas daga 2009. Maigida ya dawo ba ya barci, ƙarar ƙofa ta sa ya zabura, yara na wasa ya daka musu tsawa. Ba tsanarki ya yi ba. Likitoci na kiran ciwon PTSD, kuma ana maganinsa.

Kada ki tsare shi da tambayar abin da ya gani. In ya soma magana da kansa, ki saurara, kada kuma maƙwabta su ji. In yana ganin hawaye ragwanci ne, tuna masa cewa Annabi (SAW) ya sanar da shahadar Zaidu da Ja'afar da Ibn Rawaha a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, idanunsa na zubar da hawaye.

Sai dai ke ba likita ba ce. In abin ya wuce wata guda, ko ya kai ga duka ko shaye-shaye, kada ki rufe. Sanar da iyayensa ko limamin bariki, a kai shi asibitin sojoji, irin na 44 da ke Kaduna.