Yadda Ake Gyara Kik ɗin Tsohon Babur Idan Ya Yi Sako-sako

Tsohon babur irin Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a tsakiyar shekarun 1970, ba shi da maɓallin tayarwa. Da shi da wasu baburan Sin da aka kwaikwayi injinsa wajen ƙera su, ƙafa ce ke tashe su. Saboda haka ranar da kik ya fara rawa a mazauninsa, a duba shi a ranar. Gyaran da noti ɗaya zai gama yau, idan aka bar shi sai ya kai ga sauke inji.

Da farko a kashe babur, a ɗora shi a kan tsayuwar tsakiya, a jira salansa ta huce. Sai a kama kik da hannu a girgiza, a lura daga ina rawar take fitowa. Idan a gwiwar da yake naɗewa ne, abin da sauƙi: ɗan sifirin da ƙwallon ƙarfen da ke riƙe ta ne suka gaji, ko datti ya cushe su, a wanke a sa giris. Idan kuwa an taka ya ƙi komawa sama, sifirin na cikin inji ne, wannan aikin bakanike ne. Wadda ta fi yawa ita ce rawar gindi, inda kik ya rungumi sandar da ta fito daga inji.

Sandar nan tana da ƙananan haƙora kewaye da ita, bakin kik ma yana da nasa, su ne ke shiga juna. Bakin a tsage yake ta gefe guda, noti ne ke matse tsagar. Kafin a kwance komai, a ja layi da alli ko fenti daga kan sandar zuwa jikin kik, don a mayar da shi daidai inda yake. Sannan a sa sifana lamba 10 ko 12, gwargwadon notin, a zare shi gaba ɗaya. Sassautawa kawai ba ta isa ba, domin akwai kwari a jikin sandar da notin ke ratsawa, muddin yana ciki kik ba zai fito ba ko da an yini ana duka. Idan ya cije bayan an zare, a cusa bakin sukundireba cikin tsagar a ɗan buɗa ta.

Yanzu a wanke duka biyun da kananzir da burushin waya, a kai su haske a dube su da kyau. Haƙora masu tsini lafiyarsu ƙalau. Waɗanda suka kwanta suka yi sulɓi sun gama aiki. Galibi na bakin kik ne ke riga cinyewa, sandar ta fi shi tauri, kuma hakan sa'a ce, don sabon kik bai kai kuɗin buɗe inji ba. Shi ma notin a duba zarensa. In ya lanƙwashe ko ya cinye, a sayi mai ƙarfi, irin wanda aka buga wa 8.8 a ka.

Akwai wani abu da ke ɓata wa mutane lokaci. Sai ka ga an ɗaure noti har ya ƙi juyawa, amma kik na nan yana rawa. Dalili shi ne leɓɓan tsagar sun riga sun haɗu, noti yana matse ƙarfe da ƙarfe ne, bai matsi sandar ba. Maganinsa a sa zarton ƙarfe ko magagari a ɗan faɗaɗa tsagar, kamar milimita ɗaya, yadda ko bayan ɗauri za a ga 'yar kafa ta rage.

Sai mayarwa. A daidaita layin allin, a tura kik har kwarin sandar ya zo saitin ramin noti, a fara ɗaura da yatsu don kada zare ya hau karkace, sannan a ƙarasa da sifana. A ɗaure tamau, amma ban da ƙara bututu a kan sifana. A taka a hankali a ga bai bugi salansa ko matakin ƙafa ba. Bayan 'yan kwanaki a sake taɓa notin, yakan ɗan saki.

Wasu za su ce a kai wa mai walda ya like shi kowa ya huta. Ban ba da wannan shawarar ba. Zafin walda yana ƙona robar da ke tare baƙin mai a gindin sandar, kuma murfin kuloci ta kan sandar yake fita, ranar da kuloci ya buƙaci gyara sai an yanke abin da aka like. Canjin sandar kuwa a wannan inji sai an raba shi biyu.

Abin da ke cinye haƙoran tun asali shi ne bugun hauka. Ka taka sannu har ka ji inji ya yi tauri, ka bar kik ya dawo sama, sannan ka sauke nauyinka sau ɗaya har ƙasa. In kuma yana yawan harbo maka ƙafa, ka kai a duba saitin wuta, don sabon kik ma ba zai jure wannan ba.